Kwanan Sisi a Landan: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

A ƙarshen ƙarni na 19 babu birnin da ya kai Landan arziki a duniya. Daga can ake juya ƙasashe rututu, jiragen ruwa kuma ba sa fasa sauke shayi da auduga da manja a gaɓar kogin Thames. Sai dai da yawa daga cikin ƙartin da ke ɗaukar wannan kaya a kafaɗa ba su san inda za su sa haƙarƙarinsu ba in dare ya yi. Ga kaɗan daga tarihin makwancinsu, da na manyan mutanen da labarin ya biyo ta kansu. Kuɗin da za a riƙa ambata shi ne wanda aka kashe a Najeriya da Gana zamanin Turawa: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, rabin sule kuwa sisi.

Barci a kan igiya

Makwancin talaka hawa-hawa ne, gwargwadon abin da ke aljihunsa. Mai kwabo ɗaya benci zai samu a ɗaki mai ɗumi, ya zauna har gari ya waye, ba a yarda ya miƙe ba. Mai kwabo 2 ana ɗaura masa igiya a gaban bencin, daga wannan bango zuwa wancan, mutane su jeru su jingina ƙirji da hannuwa a kanta su yi ta gyangyaɗi. Wajen ƙarfe 5 na asuba mai gadi zai saki igiyar, kowa ya tashi, ko ya shirya ko bai shirya ba. Marubucin nan George Orwell ya kawo labarin wannan igiya a 1933, kamar yadda wani da ya sha kwana a wurin ya ba shi. Mai kwabo 4 kuwa akwatin katako ake ba shi, dogo, siffar akwatin gawa sak, a jere reras a kan daɓe, da tamfol na lulluɓa. Mutane na bin layi cikin sanyi don su samu akwatin nan, domin a cikinsa ne kaɗai za su iya miƙe bayansu.

Kwana a titi laifi ne

Wanda ba shi da ko kwabon fa? Doka ta hana shi barci a waje. A 1824, bayan yaƙe-yaƙen Napoleon sun ƙare an sallami sojoji da yawa ba aiki ba gida, Majalisar Dokokin Birtaniya ta mayar da bara da kwana a titi laifi. Ɗan sanda na tafe da fitilarsa, duk wanda ya ga ya rufe ido a bakin ƙofa ko a kan benci sai ya tashe shi ya kora shi gaba. Jack London, marubuci daga Amurka, ya sayi tsummokara ya sa ya shiga cikin talakawan gabashin Landan a 1902. Ya kwana yana gantali tare da su, ya kuma ga yadda suke zubewa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa da rana bayan an buɗe lambunan shaƙatawa. Mutumin da ya kwana a tsaye, da wane ƙarfi zai nemi aiki da safe? Dokar ta kusa shekara 200 kafin Majalisa ta amince, a 2022, cewa a soke ta.

Saboda kwabo 4

A 1888 'yan sanda sun ƙidaya gidajen kwanan haya 233 a unguwar Whitechapel kaɗai, masu ɗaukar mutum kusan 8,500. Gadaje a cunkushe, zanen gado sai ya yi baƙi kafin a canza, kuɗin cizo da ƙwarƙwata kuwa ba a magana. Ƙa'idar gida guda ce: biya kafin ka hau bene. A daren 31 ga Agusta na wannan shekara aka fitar da wata mata, Mary Ann Nichols, daga wani gida a titin Thrawl don ba ta da kwabo 4. Kafin asuba an tsinci gawarta. Bayan kwana 8 aka sallami Annie Chapman daga wani gida a titin Dorset kan dalili iri ɗaya, ita ma da sassafe aka tsinci gawarta. Su ake lissafawa a farkon jerin matan da makashin nan Jack the Ripper ya hallaka. Duniya ta shagala da neman sunansa fiye da shekara 130, alhali abin da ya jefa matan nan a hannunsa sananne ne tun daren farko, wato rashin kuɗin gado.

Masaukin hukuma

Hukuma ma tana da masauki na kyauta a gefen gidajen gajiyayyu, waɗanda aka tsaurara dokarsu a 1834, amma da gangan aka mayar da shi abin gudu don kada mutane su saba. A ƙofa za a caje ka, a karɓe tufafinka, ka yi wanka a ruwan da wasu suka riga suka shiga, a ba ka busasshen burodi da salalan kunu. Da safe ka biya da jikinka: ko fasa duwatsu, ko warware tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa masu kwalta da yatsu har su tsage. Daga 1882 ana tsare mutum dare biyu, in kuma ya dawo gida ɗaya cikin wata guda a ƙara masa kwanaki. Wannan ya sa dubban mutane suka koma tafiya daga gari zuwa gari a ƙasa, ba don suna son yawo ba.

A Janairun 1866 wani ɗan jarida, James Greenwood, ya yi shigar burtu ya kwana a irin wannan masauki a Lambeth, ya buga abin da ya gani a jaridar da yayansa ke jagoranta. Ingila ta ɗauka gaba ɗaya.

Fitattun mutane biyu sun fito daga gidajen gajiyayyun nan. Charlie Chaplin, sarkin barkwancin sinima, sau biyu ana kai shi kafin ya cika shekara 10, kuma wani ɓangare na gidan Lambeth da ya zauna a yau gidan tarihin sinima ne. Na biyun Henry Morton Stanley ne, wanda ya riski ɗan mishan nan Livingstone a garin Ujiji na Afirka a 1871. Sunansa na yanka John Rowlands, a gidan gajiyayyu na St Asaph a ƙasar Wales ya yi ƙuruciyarsa. Abin baƙin ciki, yaron da ya ɗanɗani wulaƙanci haka shi ne ya girma ya share wa Sarki Leopold na Beljiyam hanyar mamaye Kwango.

Booth biyu, ba dangin iya ba na baba

William Booth, wanda ya kafa ƙungiyar Kirista ta Salvation Army, ya fara rayuwa yana yaron shagon karɓar jingina a Nottingham, inda ya ga mata na kawo rigunan mazajensu don a ci abinci. Ana cewa wata rana da dare ya ga mutane kwance a kan wata gada cikin sanyi, da safe ya umarci ɗansa Bramwell ya nemo musu wuri ko ta halin ƙaƙa. A 1888 suka buɗe masaukinsu na farko a Limehouse. A 1890, shekarar da Stanley ya fitar da littafinsa In Darkest Africa, Booth ya fitar da nasa ya sa masa suna In Darkest England, yana nuna wa Ingilishi cewa duhun da suke hangowa a Afirka yana nan a bayan gidansu. Buƙatarsa ba ta da yawa: a ba talaka abin da ake ba dokin karusa a Landan, wato abinci da makwanci da aiki, in kuma ya faɗi a tashe shi.

Charles Booth kuwa attajirin jiragen ruwa ne daga Liverpool. Daga 1886 ya zuba kuɗinsa aka bi Landan titi-titi ana ƙidayar talauci, shi da kansa yana kama hayar ɗaki a gidajen leburori don ya gani da idonsa. Aikin ya cika mujalladi 17, ya gano kusan kashi 31 cikin 100 na mutanen birnin cikin talauci suke. Ya zana taswirori ya shafa wa kowane titi launi, rawaya ga masu hali, baƙi ga na can ƙasa. Yana cikin waɗanda suka dage har aka fara biyan tsofaffi fansho bisa dokar 1908, sule 5 a mako ga wanda ya kai shekara 70.

Kawu ya fara

Tun kafin su akwai Lord Shaftesbury, wanda ya yi tsayin daka aka hana tura mata da ƙananan yara cikin ramukan kwal a 1842. Shi ne ya kawo dokar 1851 da ta wajabta yi wa gidajen kwanan haya rajista, a ƙayyade yawan masu kwana, 'yan sanda su riƙa dubawa. Dokar ta rage ƙazanta, ba ta kawar da ita ba. Ɗan 'yar'uwarsa ne ya ɗauki aikin ta wata hanya daban bayan shekara 40.

Sakataren da ya karɓo bashin fam miliyan 4

Sunansa Montagu Corry, an haife shi a 1838, ɗan manyan gida, lauya. Ana ba da labari cewa a 1865, a fadar Raby, ɗan siyasar nan Benjamin Disraeli ya leƙa falo ya tarar da wannan saurayi yana rawa da waƙar barkwanci don ya ɗebe wa matan gida kewa. Shekara na zagayowa ya ɗauke shi sakatarensa, kuma ba su rabu ba har Disraeli ya rasu a 1881.

A Nuwamban 1875 Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, da bashi ya yi masa katutu, ya sa hannun jarinsa na mashigin Suwez a kasuwa, kusan kashi 44 cikin 100 na kamfanin. Disraeli na Firayim Minista, Majalisa na hutu, ba mai ikon fitar da kuɗi daga baitulmali. Corry aka aika wurin babban ɗan banki Lionel de Rothschild ya nemo fam miliyan 4. Yadda ake ba da labarin, attajirin na cin inabi ya tambayi mene ne jingina, aka ce gwamnatin Birtaniya, ya amince nan take. Cinikin nan yana cikin abubuwan da suka share fagen mamayar da Birtaniya ta yi wa Masar a 1882.

Corry ya bi maigidansa taron Berlin na 1878. Shi ya ƙulla cinikin littafin ƙarshe da Disraeli ya kammala, a kan fam 10,000. A 1880 aka ba shi sarautar Lord Rowton, daga sunan wata fadar danginsa a Shropshire. Disraeli ya bar masa takardunsa duka da fatan ya rubuta tarihinsa, bai rubuta ba. Wasu ne suka yi aikin bayan rasuwar Rowton. Shekarunsa na ƙarshe ya ƙarar da su ne a kan gadaje da zannuwa da ruwan zafi na leburori, kuma a ganina ya zaɓi mafi amfanin ayyukan biyu.

Daga aljihunsa

A 1890 Edward Guinness, mai kamfanin giyar nan ta Dublin, ya ware fam 250,000 don gina wa talakawa gidaje, 200,000 a Landan, 50,000 a Dublin, ya sa Rowton cikin amintattun asusun. Aikin ne ya kai shi cikin gidajen kwanan haya na gabashin Landan, abin da ya gani kuma bai bar shi ya zauna lafiya ba. Asusun ya fi kula da masu iyali, gwauro da baƙo ba mai tuna su. Sai Rowton ya ciro fam 30,000 daga aljihunsa ya gina gida a Vauxhall, aka buɗe a ƙarshen Disamban 1892 da gadaje wajen 470. A shekarar farko an sayar da kwana fiye da 140,000.

Abin da sisi ke saye

A wancan zamani mutum zai zo ƙofa ya miƙa sisinsa, a ba shi tikiti mai lamba, ya tura ƙarfen shiga ya wuce. Ba mai tambayarsa me ya jefa shi cikin wannan hali. A ƙasa akwai ɗakin cin abinci mai dogayen tebura, da kanti inda zai sayi dafaffe da arha. In kuwa ya zo da ɗan kifinsa ko tsokar namansa a ƙunshe cikin jarida, ga murhu nan ya dafa abinsa. Akwai ɗakin karatu da jaridu da littattafan aro, ɗakin shan taba, wurin wanki da na shanya, mai aski, tela, mai gyaran takalmi, da akwatin ajiya mai makulli. Wanka da ruwan zafi kwabo ɗaya ne, har da sabulu da tawul. An kuma keɓe wurin wanke ƙafa. Wanda ya tsara wannan ya san halin mutumin da ya wuni a tsaye cikin jiƙaƙƙen takalmi.

Bayan ƙarfe 7 na yamma ake buɗe bene. Ɗakin kowa bai fi ƙafa 5 a faɗi da 7 da rabi a tsawo ba. Bangon na katako ne, bai kai rufi ba, don haka tarin maƙwabci da minsharinsa duk a kunnenka. Amma akwai gadon ƙarfe da katifa, wankakken zane, bargo, kujera, maratayin riga, da taga wadda kai ke da ikon buɗewa ko rufewa. Akwai kuma ƙofa. Mutumin da ya saba tuɓewa a gaban baƙi 30, yana sa takalminsa a ƙarƙashin kai don tsoron ɓarayi, yau ya samu ƙofar da zai ja ya rufe. Duk cikin abin da Rowton ya yi, wannan ƙofar ce ta fi taɓa ni.

Dokoki na nan: ba giya, ba caca, da safe kowa ya sauko. Amma ba a tilasta wa kowa zaman sauraron wa'azi kafin a ba shi gado ko abinci, kamar yadda ake yi a masaukan sadaka da yawa. Wanda ya biya kuɗinsa abokin ciniki ne, ba a yi masa kallon mabaraci.

Ladan awa ɗaya

Sisin nan na da nasa tarihi. Leburorin tashar jiragen ruwa ba su da aikin dindindin. Kowace safiya suna taruwa a bakin ƙofa, suna turereniya da tattake juna don wakilin kamfani ya miƙa musu tikitin aiki, wani sa'in na awa ɗaya tak, a kan kwabo 5. A Agustan 1889 suka tsunduma yajin aiki ƙarƙashin Ben Tillett da John Burns da Tom Mann, suna neman sisi a awa. Yunwa ta kusa karya su, sai ma'aikatan Ostireliya suka aiko da gudummawar wajen fam 30,000. Limamin Katolika Kadinal Manning, yana da shekara 81, ya shiga tsakani. Bayan mako 5 suka samu sisinsu. Ke nan kwana ɗaya a gidan Rowton daidai yake da ladan awa ɗaya na ɗan dako, in ya samu aikin.

Alheri mai riba

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne gidan Vauxhall bai faɗi ba, riba ma ya kawo. A 1894 aka kafa kamfani, masu jari na karɓar ribar wajen kashi 5 cikin 100, aka ci gaba da gini: King's Cross a 1896, Newington Butts a 1897, Hammersmith a 1899, Whitechapel a 1902 da gado 816, sai Camden Town a 1905. Jimilla gadaje fiye da 4,500. Duk wanda ya ga 'yan ci-rani kwance a bakin shaguna da tashoshin mota a Kano ko Legas zai so masu hannu da shuni su duba wannan lissafi da kyau.

Mai zanen yawancin gidajen, Harry Bell Measures, ya yi su da jan bulo da 'yan hasumiyoyi, daga nesa sai ka ce fada. Shi ne kuma ya zana tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa na tsakiyar Landan da aka buɗe a 1900, daga baya aka ɗora shi kan ginin barikokin soja.

Su wa suka kwana?

A Mayun 1907 'yan juyin juya halin Rasha fiye da 300 suka yi babban taronsu a wata majami'a a arewacin Landan, har da Lenin da Trotsky. Cikin wakilan akwai wani matashi ɗan Jojiya mai shekara 28, wanda aka sauke a gidan Rowton na titin Fieldgate a Whitechapel kafin ya koma hayar ɗaki a Stepney. Shi ne Stalin. Kuɗin taron ya ƙare har wakilai suka rasa na komawa gida, sai da wani attajirin sabulu Ba'amurke, Joseph Fels, ya ranta musu fam 1,700. Gwamnatin Sobiyet ta biya bashin a 1922.

W. H. Davies, mutumin Newport a Wales, ya yi shekaru yana yawon duniya a Amurka yana ɗane jiragen ƙasa ba tikiti, har jirgi ya cinye masa ƙafa a Kanada a 1899. Ya dawo ya tare a gidan Rowton na Newington Butts, yana rayuwa da sule 10 a mako da kakarsa ta bar masa, yana rubuta waƙoƙi a cikin hayaniyar jama'a. Ya buga wasu a 'yan takardu ya bi gida-gida yana talla, ba mai saye, ya dawo ya ƙone su. A 1905, yana wani masauki mafi arha, ya tara kuɗi ya buga littafi, ya riƙa aika wa manyan mutane ta gidan waya yana roƙon su biya ko su mayar. Marubucin nan George Bernard Shaw na cikin waɗanda suka biya, shi ne ma ya rubuta gabatarwar tarihin rayuwar Davies a 1908. Daga baya Jami'ar Wales ta ba Davies digirin girmamawa.

Orwell, wanda sunansa na gaskiya Eric Blair, ya yi makarantar 'ya'yan manya ta Eton, ya yi aikin ɗan sandan mulkin mallaka a Bama, ya ajiye a 1927 ya dawo ya shiga cikin marasa galihu. A littafinsa Down and Out in Paris and London ya sa gidajen Rowton a sahun gaba, ya yaba ɗakunan da wuraren wankan, ya kuma koka da tsaurin dokokinsu. A lokacin kuɗin kwana ya kai sule guda. Kan wannan littafi ne ya ari sunan George Orwell, don kada iyayensa su ji kunya.

An kwaikwaya a ƙetare

A Milan ta Italiya wata ƙungiyar gama-kai ta gina irinsa a 1901 bisa tsarin na Landan. A New York attajiri Darius Ogden Mills ya buɗe nasa a 1897, ɗaki wajen 1,500, santi 20 a dare. A Vienna ta Ostiriya an buɗe wani a 1905 mai ɗaukar mutum 544, kuma cikin masu ba da gudummawar gina shi akwai attajiran Yahudawa, har da wani daga gidan Rothschild. Daga 1910 zuwa 1913 wani matashi ya zauna a ciki yana zana hotunan gine-gine ana sayar masa. Sunansa Adolf Hitler. An rufe masaukin a 2003, yanzu gidan kula da tsofaffi ne.

Mata fa?

Gidajen Rowton na maza ne zalla, ga shi kuwa mace marar makwanci ta fi namiji shiga haɗari. Mary Higgs, matar wani limamin coci a Oldham, wadda ke cikin matan farko da suka karanta kimiyya a Cambridge, ta sa tsumma daga 1903 ta riƙa kwana a masaukan hukuma da na haya, ta rubuta irin cin mutuncin da ta gani. A 1910 hukumar birnin Manchester ta buɗe gidan Ashton mai ɗaukar mata fiye da 200. A Landan kuwa sai 1913 aka buɗe gidan Ada Lewis, da dukiyar da matar wani mai ba da rance ta bari. Shekara 20 ke nan bayan gidan Vauxhall, kuma jinkirin abin kunya ne.

Baƙi daga Asiya da Afirka

Kamfanonin jiragen ruwa kan ɗauko matuƙa daga Indiya da ƙasashen Larabawa da Afirka da Sin, in an iso Landan a watsar da su. Wasu sanyi ke kashewa a titi. A 1856 Yarima Albert, mijin Sarauniya Biktoriya, ya aza harsashin wani masauki dominsu a Limehouse, aka buɗe a 1857 da gado wajen 220. Cikin waɗanda suka fara ba da gudummawa akwai Maharaja Duleep Singh, sarkin Punjab da Turawa suka tuɓe yana yaro suka karɓe masa dutsen Koh-i-Noor. Ya ba da fam 500. Gidan ya yi aiki har 1937.

A Yunin 1948 kuma, da jirgin Empire Windrush ya iso da 'yan Jamaika da maƙwabtansu, fiye da mutum 200 ba su da masauki. Sai aka sauke su a wani ramin ɓuya na lokacin yaƙi a Clapham, matakala 180 ƙarƙashin ƙasa, a kan sule 6 da sisi a mako, jiragen ƙasa na wucewa ta samansu. Ofishin neman aiki mafi kusa yana Brixton, shi ya sa unguwar ta zama cibiyar baƙaƙen fata a Landan.

Wanda ya rage

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gidan Camden Town, wanda ake kira Arlington House, ya cika da leburori daga Ailan, masu haƙa ramukan jirgin ƙasa da shimfiɗa manyan tituna. Marubutan ƙasarsu Patrick Kavanagh da Brendan Behan duk sun taɓa kwana a ciki. Da yawa sun zo da niyyar shekara ɗaya ko biyu, suka tsufa a ɗaki mai ƙafa 5, kunyar komawa gida hannu rabbana ta hana su tafiya. Sai da wasu ma'aikatan gidan suka taimaka aka kafa ƙungiyar Aisling, tana ɗaukar tsofaffin nan tana kai su ganin gida, wasunsu bayan shekara 30 ko 40.

An rushe gidajen King's Cross da Newington Butts da Hammersmith. Na Whitechapel, inda Stalin ya kwana a kan sisi, an mayar da shi gidajen alfarma masu tsada. Lord Rowton ya rasu a Nuwamban 1903, bai yi aure ba, sarautarsa ta mutu tare da shi, bai kuma ga buɗe Arlington House ba, wanda ya fi sauran girma da gado fiye da 1,000. An gyara ginin an sake buɗe shi a 2010 da ɗakuna kaɗan masu faɗi, kuma har yau marasa matsuguni ke kwana a cikinsa.